Ɗan Agaji Ya Fara Tsare Kansa: Darasin da Gobarar Dikko Ta Bar wa Mutanen Bagama

Ran Asabar 18 ga watan Janairu na shekarar 2025, da safe, wata mummunar gobara ta tashi a Mararrabar Dikko, watau inda hanyar Minna ta rabu da babbar hanyar Abuja zuwa Kaduna, 'yar tafiya kaɗan daga garin Suleja ta Jihar Neja. Wata tankar mai ce mai ɗauke da lita 60,000 na fetur ta faɗi a wurin, man ya yi ta malala, jama'a kuwa suka yi cincirindo, waɗansu da bokitai da jarkoki suna ɗiba, waɗansu suna kallo, waɗansu suna ɗaukar hoto da wayoyinsu. Bisa ga bayanin Hukumar Ba da Agajin Gaggawa ta Ƙasa, watau NEMA, ana cikin ƙoƙarin juye man zuwa wata tanka ta hanyar amfani da janareta ne wuta ta kama. Kafin 'yan kwanaki hukumomi suka ce yawan waɗanda suka rasu ya kai 98, ban da waɗanda aka kwantar a asibitocin Suleja da Sabon Wuse da ƙuna iri-iri. Da yawa daga cikin mamatan ba a iya gane su ba, sai kabari ɗaya aka yi musu.

Wannan kuwa ya faru ne watanni uku kacal bayan irinsa a garin Majiya ta Ƙaramar Hukumar Taura a Jihar Jigawa, inda a daren 15 ga Oktoba na 2024 mutum fiye da 150 suka halaka a kusa da wata tankar da ta faɗi. An yi rubuce-rubuce da yawa a kan talauci da tsadar mai da suka sa mutane ke ɗibar fetur, musamman tun da aka janye tallafi a watan Mayu na 2023. Gwamnatin Tarayya ma ta hana tankoki masu ɗaukar lita 60,000 hawa hanya daga ran 1 ga Maris na 2025. Amma akwai wani ɓangare na maganar da ba a cika taɓawa ba, shi ne halin mutanen da ke fara isa wurin hatsari da niyyar taimako, da irin kasadar da suke yi da ransu da na waɗanda suka zo ceto.

SU WANE NE KE FARA ZUWA?

Mu ɗauki Bagama misali. Unguwa ce a cikin garin Suleja, wadda aka raba mazaɓu biyu, Bagama A da Bagama B. Suleja kuwa, kamar yadda mai karatu ya sani, ita ce tsohuwar Abuja, wadda ta bar wa sabon babban birnin ƙasa sunanta bayan dokar 1976, ta ɗauki sabon suna daga sunan Sarkinta na lokacin, Alhaji Sulaimanu Barau. Tun daga nan garin ya cika ya batse. Dubban ma'aikata suna kwana a cikinsa suna wayar gari a Abuja, akwai ma'ajiyar mai ta kamfanin NNPC da tankoki ke zirga-zirga a kanta dare da rana, ga kuma babbar hanyar da ta haɗa Arewa da Kudu ta bi ta gindin Dutsen Zuma. Kewaye da garin akwai ƙauyuka masu yawa na ƙasashen Suleja da Tafa da Gurara, waɗanda in wani abu ya same su, Suleja suke dosa.

To, in mota ta kife a ɗaya daga cikin waɗannan hanyoyi, ko yaro ya faɗa rijiya, ko ruwa ya ci gida kamar yadda aka gani a Suleja a daminar 2017, ba likita ne ke fara zuwa ba. Masu fara zuwa su ne maƙwabta, da 'yan acaɓa, da masu Keke Napep, da 'yan kamasho, da 'yan banga, da kuma 'yan agaji masu kayan sarki na ƙungiyoyin addini da na Red Cross. Waɗannan bayin Allah ba a biyan su ko kwabo. Sukan bar sana'arsu, su ɓata tufafinsu da jini, wani lokaci ma su ciro kuɗi daga aljihunsu su sayi katin asibiti. Duk wanda ya taɓa kwanciya a gefen titi yana jiran taimako ya san darajarsu.

Aikin agaji ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan. Ƙungiyar Red Cross, wadda aka kafa a birnin Janiba a 1863 bayan wani mutumin Suwizalan mai suna Henry Dunant ya ga yadda aka bar dubban sojoji masu rauni a filin yaƙin Solferino a 1859, ta sami dokar kafuwarta a Nijeriya a 1960. Jama'atu Nasril Islam da Fityanul Islam da Izala duk suna da rundunonin 'yan agaji da ake gani a filin Idi da sansanin alhazai da wuraren wa'azi, coci-coci ma suna da nasu matasan. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, watau FRSC, wadda aka kafa a 1988, ita ma tana da dakarun sa-kai da ke taimaka wa ma'aikatanta. Ashe ke nan ba mutane muka rasa ba, ba kuma zuciyar taimako muka rasa ba. Abin da ya yi ƙaranci shi ne sani, da kuma wanda zai tsawata in an kauce.

KASADA TA FARKO: AUKAWA BA DUBAWA

Ƙa'idar farko da ake koya wa kowane ɗan agaji a ko'ina cikin duniya ita ce ya tsaya ya dubi wurin kafin ya shiga. Dalili kuwa a fili yake: in mai ceto ya faɗi, an sami majinyata biyu, an kuma rasa mai taimako ɗaya.

Fetur shi ne babban misali. Ba ruwan man ne ke fara kamawa da wuta ba, tururinsa ne. Wannan tururi ya fi iska nauyi, saboda haka yakan bi ƙasa ya kwarara cikin kwata da gangare har ya yi nisa da inda man ya zube, ido kuwa ba ya ganinsa. Tartsatsi ɗaya ya ishe shi, ko daga janareta, ko daga injin babur, ko guntun taba, ko garwashin mai shayi, ko bokitin ƙarfe da ya gogi kwalta. Littafin jagora da 'yan kwana-kwana na Amurka da Kanada ke aiki da shi ya ce in fetur mai yawa ya zube a janye mutane aƙalla mita 300 ta wajen da iska ke kaɗawa, in kuwa tanka ta riga ta kama wuta a ja baya mita 800 ta kowace fuska. Saboda haka aikin ɗan agaji a irin wannan wuri ba matsawa kusa ba ne. Aikinsa shi ne ya kori jama'a, ya tsai da motoci daga nesa, ya sa a kashe kowane inji da kowace wuta, sa'an nan ya kira hukuma ta lamba 112 ko 122.

Haka abin yake ga rijiya da masai. Sau da yawa mukan ji labarin mutum ya shiga rijiya ko ramin masai bai fito ba, wani ya bi shi don ya ceto shi, shi ma shiru, har a rasa mutum uku ko huɗu 'yan gida ɗaya. Jama'a kan ce aljanu ne, alhali kuwa gurɓatacciyar iska ce da ke taruwa a ƙasan rami, wadda ke sumar da mutum cikin ɗan lokaci. Wanda lantarki ya kama ba a taɓa shi da hannu sai an kashe wutar daga tushe, in kuwa babbar waya ce ta tsinke ba a ko kusantarta. Wanda ruwa ya ci, miƙa masa sanda ko jefa masa igiya ko jarkar da ba kome a ciki ya fi faɗawa a bi shi, domin mai nutsewa yakan ƙanƙame duk wanda ya kama. Ko a shekarun tashin bama-bamai an sha wannan darasi da ɗaci: a kasuwar Taminus ta Jos, ran 20 ga Mayu na 2014, bam na biyu ya tashi ne bayan mutane sun taru suna ceton waɗanda na farko ya rutsa da su.

KASADA TA BIYU: GARIN GYARAN GIRA A RASA IDO

Kuskure na biyu ya shafi yadda ake sarrafa wanda ya ji rauni. Wa bai taɓa ganin an fizgo mutum daga cikin mota an riƙe hannuwa da ƙafafu, kansa yana reto, an cusa shi tsakanin mutum biyu a kan babur ba? A cikin ƙashin wuya da na baya akwai laka, wadda ita ce ke kai saƙo daga ƙwaƙwalwa zuwa sauran jiki. In ƙashin ya tsage a hatsari, juyi ɗaya na ganganci ya isa ya datse lakar, mutumin da da zai warke ya tashi da ƙafafunsa sai ya ƙare rayuwarsa a kwance. Muddin ba wuta ko wani hatsarin da ke tafe, gara a bar shi inda yake, wani ya riƙe masa kai da hannu biyu kada ya motsa, har a sami faffaɗan katako ko ƙyauren ƙofa, mutum huɗu ko biyar su ɗaga shi gaba ɗaya kamar gungume.

Akwai kuma al'adar ɗura wa wanda ya suma ruwa ko madara. Wanda ba ya cikin hayyacinsa ba ya iya haɗiya, ruwan huhu yake zarcewa. Abin da ya kamata shi ne a duba ko yana numfashi, a kwantar da shi a gefensa ɗaya a hankali, kai da wuya da gangar jiki suna tafiya tare, don kada harshe ko amai su toshe masa maƙogwaro. Ƙwaƙwalwa ba ta jure rashin iska fiye da 'yan mintoci kaɗan, saboda haka wanda ya yi shiru ya fi mai kururuwa bukatar a fara duba shi.

Jini kuwa, duk abin da ke jikin babban mutum bai wuce kimanin lita biyar ba. Hanyar tsai da shi ita ce a sami tsumma mai tsabta a danne bakin raunin da ƙarfi, a ci gaba da dannewa ba ɗagawa. Ba a zuba ƙasa ko toka ko garin magani a ciki, ba a kuma zare ƙarfe ko gilashin da ya nutse a jiki, domin sau da yawa shi ne ya toshe jijiyar da ta yanke. Game da ƙuna, mutanenmu sun saba shafa baƙin mai, ko ɗanyen ƙwai, ko gishiri, ko man goge haƙori. Duk waɗannan ƙara wa rauni ƙazanta suke yi, su kuma wahalar da likita wajen wankewa. Maganin farko na ƙuna shi ne ruwa mai sanyi mai tsabta, a yi ta kwarara shi kamar minti 20, ban da ƙanƙara, a cire zobe da agogo kafin wurin ya kumbura, kada a ɓamɓare tufar da ta manne, a rufe da ƙyalle mai tsabta a nufi asibiti.

KASADA TA UKU: JINI DA GUDU DA TARO

Ɗan agaji da yawa yana ganin sa safar hannu kamar ƙyama ce ko ragwanci. Wannan kuskure ne babba. Ciwon hanta da cutar ƙanjamau suna bin jini, ƙaramin tsagu a yatsa kuwa ya isa ƙofa. Zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganewa a 1969 a garin Lassa da ke Jihar Borno ta yanzu, ma'aikatan jinya ne ya fara kashewa. Wanda ya ɗauko cuta a bakin titi gidansa zai kai wa matarsa da 'ya'yansa. In babu safar hannu, ko leda mai tsabta aka sa ta rage hatsari, a kuma wanke hannu da sabulu da zarar an gama.

Sai maganar gudu. Direban da ya ɗauki majinyaci yakan ga kamar dokar hanya ta faɗi a kansa, ya kunna fitilu, ya danne ƙaho, ya bi hannun da ba nasa ba. 'Yan mintocin da zai rage ba su kai hatsarin da ya jefa kowa a ciki ba, ga kuma jijjigar da ke ƙara wa mai karaya azaba. Hausawa sun ce sauri ya haifi nawa. Haka nan masu tsayawa a tsakiyar babbar hanya da dare ba rigar da ke ƙyalli, ba alamar da aka sa daga nesa, sau da yawa motar da ke tafe ita ke yin ɓarnar da ta fi ta farko. A ƙarshe ga taron 'yan kallo da masu ɗaukar hoto, waɗanda ke toshe hanya, su hana majinyaci iska, su kuma tona asirin mutum a lokacin da ba shi da ikon rufe jikinsa. Abin takaici ne a ga mai kayan agaji a cikinsu.

ME KE JAWO HAKA?

Ba za a ɗora wa ɗan agaji laifin duka ba. Na farko, motar ɗaukar marasa lafiya ba ta isa ƙauye da wuri, in ma akwai ta, shi ya sa mutane suka saba da yin abin da suka ga dama da abin da ke hannunsu. Na biyu, akwai tsoron kada a kai mutum asibiti a ƙi karɓa, ko a riƙe wanda ya kawo shi da tambayoyi, wannan kan sa a yi aikin cikin firgici a gudu. Ya kamata jama'a su sani Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta haramta wa kowane asibiti ko ma'aikacin lafiya ƙin duba wanda ke bukatar taimakon gaggawa, ta kuma tanadi tarar Naira 100,000 ko ɗaurin wata shida ko duka biyu. Wata dokar ta 2017 ta wajabta karɓar wanda aka harba ba sai an jira takardar 'yan sanda ba, ta kuma ce a mutunta wanda ya kawo shi.

Dalili na uku shi ne ya fi wuyar faɗi. A kowace ƙungiya akan sami mutum mai zafin nama, wanda kullum shi ke fara isa, shi ke faɗawa inda kowa ya ja da baya, jama'a suna yaba masa suna kiransa namijin duniya. Shugabanni suna ganin gangancinsa, amma su yi shiru, don suna jin nauyin tsawata wa wanda ke aiki kyauta, suna kuma tsoron kada ya yi fushi ya tafi alhali ba su da madadinsa. Yara masu tasowa kuwa shi suke koyi da shi. Ta haka ganganci ke zama al'adar ƙungiya, har ranar da za a yi kuka.

YADDA ZA A GYARA

Gyara yana farawa ne daga yarda cewa aikin sa-kai ba ya ɗauke wa mutum bin ƙa'ida. Ran da ke hannun ɗan agaji daidai yake da ran da ke hannun likita. Ya kamata kowace ƙungiya ta rubuta 'yan dokoki kaɗan da Hausa, waɗanda ba su wuce shafi ɗaya ba, a karanta wa kowane sabon shiga ya amince da su. A duk inda aka fita aiki a sami jagora ɗaya da za a ji maganarsa, a kuma ba kowa, kome ƙanƙantarsa, ikon ya ce a dakata in ya hango hatsari.

In wani ya kauce, kada a ci masa fuska a gaban jama'a, kada kuma a kau da kai. Shugaba ya kira shi gefe a ranar ko washegari, ya fara da gode masa, sa'an nan ya faɗa masa takamaiman abin da ya yi da abin da zai iya haifarwa, ya kuma saurari uzurinsa, don wataƙila ba a taɓa koya masa ba, ko kuwa kayan aiki ne babu. In ya sake, a haɗa shi da wani babba su riƙa fita tare. In ya ƙi ji, a dakatar da shi daga fita na ɗan lokaci, a ba shi wani aikin. Wanda aka samu yana shan ƙwaya ko wani abin maye kuwa, ba shi da wuri a bakin aiki sai ya daina. Bayan kowane babban aiki a zauna a tattauna abin da aka yi daidai da wanda aka kuskure, ba don neman mai laifi ba. Yabo ma a sake masa wuri: a riƙa yaba wa wanda ya kori taro daga bakin tanka kamar yadda ake yaba wa wanda ya ɗauko mutum a kafaɗa.

Kada a ce sai mai ilmin boko ne zai iya koyon wannan. A ƙasar Gana, wajen ƙarshen shekarun 1990, an koya wa direbobin haya fiye da 300 taimakon farko a kwas na yini guda, da aka bi sawunsu daga baya aka tarar sun kyautata yadda suke tsai da jini da buɗe hanyar numfashi. A ƙauyukan Kambodiya da arewacin Iraƙi, inda nakiyoyi ke raunata manoma, likitoci daga ƙasar Norwe sun horar da ƙauyawa fiye da 5,000 tsakanin 1997 da 2001, mutuwa a cikin masu rauni ta sauko daga kashi 40 cikin ɗari zuwa kimanin kashi 15. Ba jiragen sama aka kawo ba, ba manyan injuna ba, sani ne kawai aka sa a hannun mutanen da ke kusa.

Mutanen Bagama da sauran unguwannin Suleja suna da duk abin da ake bukata don yin haka. Akwai masu unguwanni da limamai da shugabannin coci da ake jin maganarsu, akwai ƙungiyoyin direbobi da na 'yan acaɓa, akwai ma'aikatan jinya da ke zaune cikin unguwa, ga jami'an kiyaye haɗurra da 'yan kwana-kwana da Red Cross waɗanda koyar da jama'a yana cikin aikinsu. Abin da ya rage shi ne a gayyato su filin makarantar firamare ran wata Asabar, a maimaita bayan kowane wata uku, a gayyaci matasan ƙauyukan da ke bakin hanya su ma su zo. Masu hali su sayi safar hannu da bandeji da rigunan ƙyalli da tocila, kuɗinsu duka bai kai na ragon suna ba. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a rahotonta na 2023 cewa mutum wajen miliyan 1.19 ke mutuwa a hatsarin hanya kowace shekara, kuma Afirka ce ta fi kowane yanki yawan mace-macen in an gwada da yawan jama'arta. Gyaran hanyoyi da binciken tankoki da samar da motocin asibiti nauyi ne da ke kan gwamnati, kuma wajibi ne a ci gaba da tuna mata. Amma mintocin farko bayan hatsari a hannun jama'ar wurin suke. Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu a Dikko da Majiya, Ya ba iyalansu haƙuri, Ya saka wa 'yan agajinmu da alheri, Ya kuma mai da kowannensu gida lafiya, amin.